Zafi Ɗaya, Lamba Biyu: Darasin Juya Awon Zafi

A tsakiyar bazara, wajen watan Afrilu, idan rana ta take a Gwarzo ko Kabo, gidan rediyo kan ce zafin yau ya kai digiri 40. A daidai wannan lokaci, direban da ya ɗauko fasinja daga Kabuga a motar da aka shigo da ita daga Amurka, in ya dubi gaban motarsa sai ya ga 104. Rana ɗaya ce, iska ɗaya ce, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Kowanne da ma'aunin da ya yi awo da shi. Gidan rediyo ya samo lambarsa daga NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, wadda ke aiki da ma'aunin Salsiyas. Ita kuwa motar an ƙera ta ne don mutanen da suka saba da ma'aunin Faranhait.

Da a ce abin ya tsaya a hirar zafin rana, da ba mu ware masa darasi guda ba. Amma lambobin nan sun riga sun shigo mana gida. Suna jikin ma'aunin zafin jiki da ake saya a kemis, suna bayan kwalin magani, suna gaban firjin rigakafi, suna kan injin ƙyanƙyasar ƙwai. A irin waɗannan wurare, wanda ya ɗauki lambar wancan ma'auni a matsayin ta wannan yana iya asarar dukiya, wani lokaci ma abin da ya fi dukiya.

Saboda haka kafin kowane lissafi, ku fara da duba harafin da ke gefen lamba. Za ku ga ɗan ƙaramin zagaye a sama, wanda ke nufin digiri, sannan harafi. In C ne, Salsiyas ke nan: 40°C. In F ne, Faranhait: 104°F. Lambar zafi da ba a san harafinta ba, ba ta gaya muku komai ba tukuna.

Yadda aka yi ma'auni ya zama biyu

Tafin hannu ma yana awo. Uwa ta san jikin ɗanta ya yi zafi tun kafin a ɗauko na'ura. Sai dai hannu yakan bi inda ya fito: wadda ta taso daga gindin murhu za ta ji goshin yaro da dama-dama, wadda ta gama wanki da ruwan randa a hunturu za ta ji shi rau. Shi ya sa masana suka nemi abin da zai faɗi magana ɗaya ko da wa ya riƙe shi. Sun lura cewa abu mai ruwa-ruwa yana kumbura in ya ji zafi, ya tsuke in ya ji sanyi. In aka ɗura shi a siririn bututun gilashi, sai a ga yana hawa yana sauka. Abin da ya rage shi ne a ja layuka a jikin gilashin, a sa musu lambobi. To, a ina za a sa sifili? Kuma wace tazara za a bari tsakanin layi da layi? A nan aka rabu.

Daniel Gabriel Fahrenheit, wanda aka haifa a 1686 a birnin Danzig, da yanzu ake kira Gdansk a ƙasar Foland, ya yi sana'ar ƙera kayan awo na gilashi a Amsterdam ta ƙasar Holan. Ya ƙware wajen yin ma'aunin zafi da ruwan zaiba, kuma a 1724 ya bayyana tsarinsa. Ya haɗa ƙanƙara da ruwa da wani irin gishiri, sanyin da wannan haɗi ya bayar ya kira shi sifili. Bisa wannan ƙirga, ruwa zalla yana daskarewa a 32, tafasarsa kuma ta zauna a 212.

Bayan shekara 18, a 1742, wani masanin taurari a jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin, Anders Celsius, ya fito da hanya mafi sauƙi. Ya ɗauki abu biyu da kowa zai iya gwadawa, daskarewar ruwa da tafasarsa, ya raba tsakaninsu gida 100. Shi a kife ma ya yi nasa, tafasa a 0, daskarewa a 100. Ba a jima ba wasu suka juya shi yadda muka san shi yau, kuma a 1948 babban taron masana awo na duniya ya tabbatar wa ma'aunin da sunansa.

Mu a Nijeriya Faranhait muka gada daga Turawan Ingila, tare da mil da yadi da fam da sule. A shekarun 1970 ne ƙasar ta koma kilomita da kilo da lita, zamanin da naira da kobo suka shigo a 1973, awon zafi ma ya bi sahu. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram ba su sha wannan canji ba, don su Salsiyas suka tarar a hannun Faransa tun farko. Yau kusan duk duniya Salsiyas take amfani da shi, ban da Amurka da wasu 'yan ƙananan ƙasashe. Amma motocin Amurka da littattafanta da bidiyoyin koyar da sana'a da ake kallo a waya suna iso mu kullum, da lambobinsu yadda suke.

Wani abin lura kafin mu wuce. Tafasar ruwa a 100°C magana ce ta bakin teku, kamar Legas. Ƙasar Kano a tudu take, wajen mita 500 sama da teku, kuma duk yadda aka hau sama ruwa yana tafasa tun bai kai 100 ba. Wanda ya tsoma ma'aunin girki a tukunyar da ke tafasa a Gwarzo ya ga wajen 98, kada ya ce ma'aunin ya lalace.

Dogo da gajere

Ku ɗauka mutum biyu ne za su auna tsawon gona da taki, ɗaya dogo, ɗaya gajere. Dogo ya tsaya a kan iyaka ya fara ƙirga daga sifili, ya kai ɗaya iyakar da taki 100. Gajere, a wannan tsawon dai, sai da ya yi taki 180. In kuka rage lambobin biyu, za ku ga duk inda dogo ya yi taki 5, gajere ya yi 9. Bayan haka akwai wani bambanci: gajere bai fara ƙirga daga iyaka ba, tun daga gindin wata tsamiya da ke baya ya fara, ko da ya iso iyakar ya riga ya ƙirga 32. Don haka da suka kai ƙarshen gona, dogo ya ce 100, gajere ya ce 212, wato 180 da 32.

Dogon shi ne Salsiyas, gajeren Faranhait. Iyakar farko daskarewar ruwa, ta biyu tafasarsa. Duk lissafin darasin nan bai wuce abu biyun nan ba: 5 da 9 na bambancin taki, da 32 na bambancin mafari.

Daga Salsiyas zuwa Faranhait

Ana ninka lambar sau 9, a raba gida 5, sannan a ƙara 32.

F = (C × 9 ÷ 5) + 32

Mu gwada da zafin bazarar nan. 40 sau 9 ya ba da 360. A raba 360 gida 5, an sami 72. A ƙara 32, ya zama 104. Ga lambar motar ta fito.

Sanyin asuba a watan Janairu, lokacin da ake jin ɗumi a tsakar gida, yakan sauko wajen 15°C ko ƙasa kaɗan. 15 sau 9, 135. A raba gida 5, 27. A ƙara 32, 59°F.

Wanda ba ya son ninkawa da 9 a ka, ga wata hanya da ke ba da amsa daidai-wa-daida: ninka lambar biyu, cire kashi ɗaya cikin goma na abin da ka samu, ƙara 32. Ga 35°C: ninki biyu 70, kashi ɗaya cikin goma na 70 shi ne 7, saura 63, da 32 ya zama 95°F. 'Yan kasuwa da suka saba lissafin ka za su ga wannan ta fi musu sauri.

Yana da kyau kuma a haddace 'yan lambobi kaɗan. Duk ƙarin 10 a Salsiyas ƙarin 18 ne a Faranhait: 0 shi ne 32, 10 shi ne 50, 20 shi ne 68, 30 shi ne 86, 40 shi ne 104. Wanda ya riƙe waɗannan, in lissafi ya kauce masa zai gane nan take.

Daga Faranhait zuwa Salsiyas

Wannan ita ce juyawar da za ku fi bukata, don yawanci baƙuwar lamba ce ke zo mana mu nemi fassararta. Ana komawa ne ta hanyar da aka zo: a fara ɗebe 32, sannan a ninka sau 5, a raba gida 9.

C = (F − 32) × 5 ÷ 9

104 a ɗebe 32, saura 72. Sau 5, 360. A raba gida 9, 40.

Ɗebewar ita ce farko, kuma nan ne aka fi tuntuɓe. Wanda ya fara ninkawa da rabawa sannan ya ɗebe 32 daga baya, 104 za ta ba shi wajen 26, zafin bazara ya koma na damina. Masu lissafi da waya su ma akwai tarkonsu. Kalkuletar yawancin wayoyi takan gabatar da ninkawa da rabawa a kan ɗebewa. In kuka danna 104 − 32 × 5 ÷ 9 a jere, sai ta ba ku 86.2. Maganin abin shi ne ku danna 104 − 32, ku danna alamar daidai, sai 72 ta fito sannan ku ci gaba. Raba abin da ya rage da 1.8 ma daidai yake da ninkawa sau 5 da rabawa gida 9.

Mata masu sana'ar kek da biredi da ke koyo ta bidiyo sukan ji an ce a sa obin a 350. Obin ɗin da ke gabansu kuwa lambarsa ba ta ma kai can ba. 350 a ɗebe 32, 318; sau 5, 1590; a raba gida 9, wajen 177. Sai a sa shi tsakanin 175 da 180.

Akwai wata gajeriyar hanya da ake yawan koya wa mutane: ɗebe 30, raba biyu. Ga hirar yanayi ba ta da laifi. In waya ta nuna 80°F, ɗebe 30 saura 50, rabi 25. Amsar gaskiya wajen 27 ce, ba a yi nisa ba. Amma duk yadda lamba ta ƙara hawa, haka kuskuren ke ƙara faɗi, kuma akwai wurin da ban yarda a kusanto da ita ba ko kaɗan. Shi ne jikin mara lafiya.

Jikin yaro

Zafin jikin mai lafiya yana wajen 37°C, wato 98.6°F. Wani likita Bajamushe, Carl Wunderlich, shi ya yaɗa wannan lamba a littafinsa na 1868, bayan ya auna ɗimbin marasa lafiya a Leipzig. Ba a ce dole kowa ya tsaya cak a kanta ba. Jiki yakan ɗan sauka da asuba, ya ɗan hau da yamma. Ma'aikatan lafiya da ke auna yaro a hammata sukan ɗauki 37.5°C zuwa sama a matsayin zazzaɓi. A Faranhait 99.5 ke nan. Daga nan 38 shi ne 100.4, 39 shi ne 102.2, 40 shi ne 104.

Ku lura da ƙanƙantar tazarar. Tsakanin lafiya da zazzaɓi mai tsanani digiri biyu ko uku ne kacal. To, yanzu ku gwada gajeriyar hanyar nan a kan yaron da ma'auni ya nuna masa 102°F. Ɗebe 30, saura 72, rabi 36. Ta ce muku yaro lafiya lau, a koma barci. Lissafin gaskiya kuwa: 102 a ɗebe 32, 70, sau 5, 350, a raba gida 9, 38.9°C. Zazzaɓi ne sosai.

A ce wata uwa ce a Getso ta sayo ma'auni mai batir. Cikin dare jikin ɗanta ya yi zafi, ta ɗaga hannunsa ta sa kan ma'aunin a tsakiyar hammata, ta danne hannun a jikinsa har ma'aunin ya yi ƙara. Ta miƙa wa ƙanwarta ta karanta a hasken tocila.

"Yaya, ɗari da ɗaya da ɗigo uku fa! Ai ko ruwa a ɗari yake tafasa."

"Duba gefe da kyau, wane harafi ne?"

"F ne, Yaya."

101.3 a ɗebe 32, saura 69.3. Sau 5, 346.5. A raba gida 9, 38.5°C. Yaron yana da zazzaɓi kuma yana bukatar a duba shi, amma yanzu uwar ta san ainihin abin da take ciki, kuma tana da lambar da za ta faɗa wa malamar asibiti da harshen da malamar ke aiki da shi.

A nawa ganin, ƙarfe biyun dare da yaro a hannu yana kuka ba lokacin lissafi ba ne. Yawancin ma'aunan nan masu batir ana iya sauya su daga F zuwa C da maɓalli, sau da yawa ta hanyar danne shi na ɗan lokaci. Ku ce wa mai kemis ya mayar muku da shi kan C tun kafin ku biya kuɗi. In kuwa naku ba ya sauyawa, ku rubuta lambobin nan huɗu, 99.5 da 100.4 da 102.2 da 104, kowace da takwararta, ku manna takardar a jikin kwalinsa.

Ma'aunin goshi da mutane ke kira bindiga, wanda ya cika ƙofofin bankuna da makarantu a 2020 lokacin korona, shi ma yana da C da F. Fatar goshi yake aunawa, fata kuwa tana ɗaukar zafin rana da sanyin iska. Wanda ya sauko daga babur cikin iskar hunturu zai iya nuna ƙasa da gaskiya, don haka a bari ya ɗan zauna a ɗaki kafin a auna. Tsohon ma'aunin gilashi mai zaiba ana ta janye shi a duniya, saboda zaiba guba ce. In ya fashe, kada a taɓa da hannu, kada a share da tsintsiya, a fitar da yara a buɗe taga.

Jariri da bai kai wata biyu ba hukuncinsa daban ne. In ya kai 37.5°C, ko kuma ya yi sanyi ƙasa da 35.5°C, wato 95.9°F, asibiti za a nufa ba tare da jiran gari ya waye ba. Haka kuma kowane yaro da ke jijjiga, ko ya ƙi kama nono, ko yake amayar da duk abin da ya sha, ko wuyansa ya sanƙare, ko ba ya farkawa in an tashe shi, ba a tsayawa duba lamba. A kai shi asibiti mafi kusa, ko Babban Asibitin Gwarzo in da hali. Ma'auni yana faɗin akwai zazzaɓi, ba ya faɗin abin da ya kawo shi. Ko na cizon sauro ne ko wani abu daban, gwajin jini ne ke rabewa.

Firji

Yawancin alluran rigakafin yara ana ajiye su ne tsakanin 2°C da 8°C, tun daga ma'ajiyar jiha har zuwa akwatin ƙanƙarar da ake ratayawa a shiga ƙauyukan Garo da Kutama da Lakwaya. Mai kula da firjin asibiti yakan rubuta lambarsa sau biyu a yini, safe da yamma. Da irin wannan kulawa aka kai ga ranar da aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali, a watan Agustan 2020.

A Faranhait, 2 zuwa 8 shi ne 35.6 zuwa 46.4. Ga inda haɗarin yake: sabon ma'aikaci ya duba ya ga 40, ya zaci Salsiyas ne, ya ɗauka firji ya mutu, ya murɗa sanyi har ƙarshe. Alhali 40°F wajen 4°C ne, daidai inda ake so. Murɗawar ce za ta daskarar da maganin, kuma alluran irin su Penta da ta ciwon hanta da ta tetanus in suka daskare sun lalace, ko da sun narke daga baya. Masu ciwon suga da ke ajiye insulin a gida, su ma kwalbar da ba a buɗe ba 2 zuwa 8 take so, ba firiza ba.

Firiza kuwa tana kai mu ƙasa da sifili, inda ake sa alamar ɗebewa a gaban lamba. Ana so ta kai −18°C. Ƙa'idar ba ta canza ba: 18 sau 9 a raba gida 5 ya ba da 32.4 ƙasa da sifili. A ƙara 32, ya dawo kusan 0°F. In aka ci gaba da gangarawa, akwai wuri ɗaya tak da ma'aunan biyu ke haɗuwa, −40, sanyin da sai a irin su Rasha da Kanada.

Bayan kwalin magani kuma za ku ga an ce a ajiye ƙasa da 30°C, wani 25°C. 86°F da 77°F ke nan. Ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu yakan wuce haka nesa, balle aljihun mota ko kan taga.

Kaji, da kuskuren da ya fi ɓoyewa

Masu injin ƙyanƙyasa sun san lambarsu: wajen 37.5°C, kwana 21 ga ƙwan kaza, na zabuwa kuma 26 zuwa 28. Littafin da ya ce 99.5 wannan lambar yake nufi. A nan ma tazarar ƙanƙanuwa ce, don ƙarin digiri biyu na Salsiyas in ya daɗe ya isa ya kashe 'yan tsaki a cikin ƙwai.

Bayan ƙyanƙyasa, littattafan kiwo na Amurka sukan ce a fara da 95°F a makon farko, a riƙa rage 5°F duk mako. Ta farkon mun san ta, 35°C. Amma 5 ɗin fa? Wanda ya bi ƙa'ida ido rufe zai ce 5 a ɗebe 32, sau 5, raba gida 9, ya sami −15. Amsar da ba ta da kai.

Dalili shi ne akwai tambaya iri biyu. Ɗaya ita ce, zafin nawa ne? Ɗayar kuma, da nawa ya ƙaru ko ya ragu? 32 ɗin nan na bambancin mafari ne, yana aiki a tambaya ta farko kawai. In ana maganar ƙari ko ragi, babu ruwanmu da inda aka fara ƙirga, 5 da 9 kaɗai suka rage. Ragin 5°F: 5 sau 5, 25, a raba gida 9, 2.8, a ce 3°C. Saboda haka mako na farko 35, na biyu 32, na uku 29. Ta ɗaya gefen, in aka ce zafi ya ƙaru da 10°C, da 18°F ya ƙaru, ba 50 ba.

A rataye ma'aunin a daidai tsayin bayan 'yan tsakin, ba can kusa da rufi ba, ba kuma jikin kaskon gawayi ba. Sannan a haɗa da ido: in sun cunkushe a gindin wuta suna tsiwa, sanyi suke ji, in sun watse sun manne da bango suna haki, zafi ya yi yawa. Littattafan nan a ƙasar sanyi aka rubuta su. A hunturu shawararsu ta dace da mu. A bazara kuwa, da rana ɗakin da kansa ya wuce 35, aikin mai kiwo ya koma neman iska da ruwan sha mai sanyi, ba hura gawayi ba.

Na uku: Kalbin

Ɗaliban kimiyya za su haɗu da wani ma'aunin mai suna Kalbin, mai harafin K, wanda ba a sa masa zagayen digiri. William Thomson, malami a jami'ar Glasgow wanda daga baya aka ba shi sarautar Kelvin, wato Kalbin, shi ya kawo shawararsa a 1848. Tazararsa iri ɗaya ce da ta Salsiyas, mafarin ne daban: ya fara daga ƙarshen sanyi, inda babu sauran zafin da za a cire daga abu, wato −273.15°C. Juyawar ba wuya: a ƙara 273 a kan Salsiyas. Jikin mutum 310 K, daskarewar ruwa 273 K.

Wurin da za ku fi ganinsa shi ne kwalin ƙwan fitila, inda ake rubuta 6500K ko 3000K. Ba zafin ƙwan ba ne, da ya narkar da silin. Launin hasken ake nufi: 6500K fari fat kamar hasken rana tsaka, 3000K kuma mai ɗan ruwan ɗorawa irin na tsohon ƙwan lantarki.

Aiki

In akwai ma'aunin zafin ɗaki a aji, a rataye shi a inuwa, a karanta da ƙarfe bakwai na safe da kuma ƙarfe biyu na rana, har tsawon mako guda. Kowa ya rubuta lambobin a ma'aunai biyu, ya kuma fitar da bambancin safe da rana a kowanne. Kada a yi wannan da ma'aunin jiki, don shi iyakarsa daga wajen 32 zuwa 43 ce.

1. An ce gobe zafi zai kai 42°C. Nawa ke nan a Faranhait?
2. Ma'auni ya nuna wa yaro 103.1°F. Wace lamba za a faɗa wa malamar asibiti a Salsiyas?
3. An rubuta a ajiye magani ƙasa da 25°C, ma'aunin ɗakin kuma yana nuna 86°F. Ɗakin ya dace?
4. Firjin rigakafi ya nuna 41°F. A ƙara sanyi, a rage, ko a bar shi?
5. Wata rana a Kabo an tashi da 59°F, da azahar ya kai 86°F. Da digiri nawa na Salsiyas zafin ya ƙaru? A yi shi ta hanya biyu, a ga ko amsar za ta zo ɗaya.
6. Nawa ne 300 K a Salsiyas?

Amsoshi: na 1, 107.6°F. Na 2, 39.5°C. Na 3, bai dace ba, ɗakin yana 30°C. Na 4, a bar shi, 5°C ne. Na 5, 15°C: ko dai a juya lambobin biyu su zama 15 da 30 a ɗebe, ko a ɗauki bambancin 27 a ninka sau 5 a raba gida 9. Na 6, wajen 27°C.